Kunnen Oga Fijabi

Duk Lahadi bayan an taso daga coci mukan haɗu a ɗakin Gbenro, saman shagonsa na hayar kujeru da rumfuna a Bariga, kowa ɗauke da ɗan kiɗan da ya haɗa a kwamfuta cikin makon. Babu mai cin abinci da kiɗa a cikinmu. Ni a wata maɗaba'a nake aiki a Shomolu, ina tsara katin biki da fastar mamata. Nonso caja da gilashin waya yake sayarwa. Gbenro kuwa, da yake ɗakin nasa ne, janareta nasa, lasifikokin nan biyu ma nasa, sai ya naɗa kansa alƙali ba tare da ya tambayi kowa ba. Wasu kan leƙo su ɓace, mu ukun nan ne ba ma fashi.

Tsarin zaman ba shi da wuya. Ka sa kiɗanka, a saurara har ya ƙare, sannan kowa ya faɗi inda haɗin sautin ya yi da inda bai yi ba. Haka aka ce dai. Abin da ake yi daban ne. Gbenro zai rufe ido ya riƙe haɓa kamar mai ciwon haƙori, in kiɗa ya ƙare ya ce, "Akwai wani abu a ciki." Bai taɓa faɗin ko mene ne abin ba. Nonso kuma ya cika cikinsa da bidiyon Turawa masu koyar da haɗa sauti, ya zo ya amayar mana. "Yana buƙatar iska," in ji shi. Ko ya ce, "Ɗumin ya yi kaɗan." Na taɓa tambayarsa wane maɓalli ake murɗawa iskar ta shigo. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Anti Rolake, wannan ji ake yi, ba a bayaninsa."

Na daɗe da gane cewa ba gyara ke kawo mutane ɗakin nan ba. Yabo suke zuwa nema, kowa kuma yana bayarwa don a rama masa in layi ya zo kansa. Abin da ya hana ni daina zuwa, lasifikokin Gbenro sun fi nawa nesa ba kusa ba, kuma a gidan hayarmu ba a barin mutum ya ƙure sauti.

Sai ga Fijabi.

Gbenro ne ya jawo shi, ya taɓa ba shi hayar rumfa ranar sunan ɗansa. Ƙato ne, ya ba arba'in baya, da sarƙa a wuya, da murya kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Tun yana saurayi yake aiki a injin yankan katako a Ebute Meta, yanzu shi ne babba a kan masu zarto. Ya shigo da kwamfuta a hammata, da ƙunshin gasasshen naman akuya mai yaji a hannu, ya dire shi a tsakiyar ɗaki. Tun kafin a ji ko ɗigon kiɗansa na ga Gbenro da Nonso sun gama yanke hukunci.

"Ni gaskiya nake so," ya ce. "Kada wanda ya ji nauyina. In ya yi a ce ya yi, in bai yi ba a ce bai yi ba. Amma ku sani, kunne dai Allah ya ba ni. Ina zaune a ofis nake gane itacen da ke kan zarto, daga kukansa kawai."

"Baiwa ke nan, Oga," in ji Gbenro, hannunsa cikin nama.

Aka sa kiɗan. Ba zan zalunce shi ba, gangar ta yi. Tana da nauyi, tana da wani taku na ƙasaita irin na kiɗan fuji, bes ɗin ma, wato kaurin sautin ƙasa, ya kwanta a ƙarƙashinta ba sa faɗa. Da a nan ya tsaya da na tafa masa. Amma da kacau-kacau ɗin sama suka shigo, da wani siririn fito da ya ɗora a kansu, sai na ji kamar an samu cokali ana kankare gindin tukunya a cikin kaina. Haƙorana suka mutu, idona ya kawo ruwa. Na ga Nonso ya kai yatsa kunne, ya wayance da susa. Fijabi kuwa yana tsaye tsakiyar ɗaki, ido a rufe, yana gyaɗa kai yana murmushi.

Da ya ƙare Gbenro ya ce, "Wuta! Oga, wannan wuta ce."

"Akwai haske a saman," in ji Nonso. "Haske sosai."

Fijabi ya juyo gare ni. "Madam fa? Kin yi shiru."

"Oga Fijabi, gangarka ta yi, bes ma ya yi, kada ka taɓa su. Amma saman ya yi tsini. Kacau-kacau ɗin nan da fiton suna soke kunne. Ka rage su ko da rabi ne, ka kuma yanke musu kaifin."

Ya kwashe da dariya har sarƙarsa na rawa. "Tsini? Ni da nake ganin saman ma ya yi duhu, ina shirin ƙarawa! Haka Maman Tomi ke cewa a gida. Kunnen mata ba ya ɗaukar ƙarfi, ba laifinku ba ne."

Gbenro ya yi dariya, Nonso ya taya shi. Na ɗauki tsoka ɗaya na ci, don kada a ce fushi na yi.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Kowace Lahadi da namansa da kiɗansa, kowace Lahadi kuma tsinin sai ya ƙaru. Su Gbenro sun ji abin da na ji, ai kunnuwansu ba a toshe suke ba. Amma maimakon su ce masa ya rage, sai suka shiga kewaye-kewaye. Gbenro ya ce hedifon ɗinsa ne ke yaudararsa. Fijabi ya sayo sabo. Nonso ya ce bangon ɗakinsa ne ke mayar da sauti, ya sa ƙaton mutum ya bi masu shayi yana tara kwalin ƙwai, ya manne ɗaki da su har sama, har matarsa ta ce kyankyasai sun samu gida. Aka ce manhajar da yake haɗa kiɗan da ita ce, ya sauya. Aka ce wayar da ke haɗa kwamfuta da lasifika ce, sai an sa mai bakin zinariya. Nonso da kansa ya samo masa ita. A shagonsa mana.

In ya sauka ƙasa amsa waya sai ɗaki ya ɓarke da dariya. "Mai allura" suke kiransa. Nonso ya tashi yana kwaikwayon gyaɗa kansa, Gbenro na riƙe ciki. Da sun ji takunsa a matakala kowa ya gyara fuska.

Wata rana na ce, "Ku gaya masa mana."

"Ke da kika gaya masa me kika samu?" in ji Gbenro. "Mutum ya kawo abinsa da farin ciki, sai a kashe masa gwiwa? A hankali ake gyara babba."

"A hankali ake cin namansa dai."

"Anti, ke matsalarki ba ki iya lallashi ba," in ji Nonso, yana sakace.

Shi ma Fijabin ba wani tausayinsa nake ji ba. Bai daɗe ba ya fara raba shawara. Akwai wani kiɗa da na daɗe ina fama da shi, na samu da ƙyar muryar da na ɗora ta fito fili ba tare da ta danne sauran ba. Ya saurara da hannu a ƙugu, ya girgiza kai. "Madam, kamar an lulluɓe shi da bargo. Buɗe saman! Ki zo gida in nuna miki yadda ake yi." Gbenro ya ce akwai gaskiya a maganar Oga. Gbenro ɗin da satin da ya wuce ya ce akwai wani abu a ciki.

Wata Lahadi da damina cajar kwamfutar Fijabi ta mutu, ya ari wata a wajen Nonso, irin ta bakin titi. Ana jona ta lasifikokin suka ɗauki wani siririn kuka, ziiii, kamar sauro ya samu makirfo. Gbenro ya yamutsa fuska, Nonso ya durƙusa yana laluben wayoyi. Fijabi na zaune dab da lasifika, kansa kusan yana gogarta, yana ba da labarin wani direban tirela da ya zubar musu da gungume a kan gada.

"Me kuke nema ne?" ya tambaya.

"Ƙarar nan, Oga."

"Wace ƙara?" Ya karkata kai ya saurara. "Janareta ne ai."

Su biyun suka ɗauka wasa yake, suka yi dariya. Ni ban yi ba. A maɗaba'armu akwai tsofaffin da suka ƙare ƙuruciyarsu a gaban injin. Waya na kuka a aljihunsu ba sa ji, amma in babbar mota ta wuce a titi su ne farkon ɗaga kai. Kaurin sauti suna jinsa, siririn ne ya tafi. In ka yi musu magana su ce kai ne ba ka buɗe baki.

Aka zare cajar, aka bar kwamfutar a kan batir. Ni ce kusa da ita, sai ya ce in danna masa. Kiɗan a buɗe yake a manhajar, kowane sauti da layinsa, ga ganga, ga bes, ga kacau-kacau, ga fito. Ya koma tsakiyar ɗaki ya rufe ido yadda ya saba. Na bari aka ɗan yi nisa, sai na kai hannu na kashe layin kacau-kacau ɗungurungum. Na dube shi. Na bi da fiton.

Ɗaki ya yi sanyi kamar an cire wa mutum ƙaya. Kafaɗun Nonso suka sauko. Fijabi ko gezau. Yana ta gyaɗa kai, har ya ɗaga yatsa yana kaɗa shi a iska daidai inda kacau-kacau ɗin ya kamata su buga.

"Kun ji su?" ya ce da ƙarfi. "Kun ji yadda suke yanka? Duk makon nan a kansu na ƙare."

Gbenro ya buɗe ido. "Yau kam ya zauna. Na faɗa maka wayar nan ce. Ka ga amfanin bakin zinariya."

"Iskar ta shigo," in ji Nonso.

Na bi su da kallo. Ɗaya bai ji an cire abin da ya sa da hannunsa ba. Biyu sun ji an sauya wani abu, amma ko za a yanka su ba za su iya faɗin mene ne ba. Waɗannan ne nake hawo wa matakala kowane mako don su gyara min aiki. Na mayar da layukan kafin kiɗan ya ƙare, tsinin ya dawo, Nonso ya zabura.

Ban so in yi maganar a gaban waɗancan biyun ba. Na jira aka tashi, na tare shi a matakala.

"Oga Fijabi, ina da magana."

"Madam mai tsini! Yau ma ya soke ki?"

"Ɗazu na kashe kacau-kacau ɗinka da fiton, kusan rabin kiɗan babu su. Ba ka ji sun fita ba, ba ka ji sun dawo ba. Kukan cajar nan ma ba ka ji ba. Ba hedifon ba ne, ba bango ba ne, ba waya ba ce. Ina jin zarto ya ci maka siririn ji. Shi ya sa kake ta ƙarawa, kana neman abin da kunnenka ba ya kamawa, mu kuma yana kashe mu. Ka je asibiti a auna maka."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma ya bushe a wurin. Na ga tsoro a idonsa, irin na mutumin da aka faɗa wa abin da ya daɗe yana zargi shi kaɗai. Na ɗauka zai tambaye ni wane asibiti. Sai ya ɗaga kai sama ya kwarma ihu.

"Gbenro! Nonso! Ku zo ku ji! Wai ni ne kurma!"

Suka leƙo daga saman matakala.

"Ta taɓa min kiɗa ba izini, sannan ta ce ni kurma ne. Ni! Yarinyar da ke buga hoton gawa!"

"Ban ce kurma ba."

"Rolake, kin wuce iyaka," in ji Gbenro. "Gyaran sauti daban, cin mutunci daban."

"Kai da ka ce ya zauna, me ya zauna? Faɗa masa abin da ya sauya."

Gbenro ya kau da kai. "Ba a nan take ba," ya ce.

"Hassada ce, Oga," in ji Nonso ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce?" in ji Fijabi.

"Na ce hassada ce!"

"Yawwa," in ji Fijabi. Ya ture ni ya sauka.

Ya daina zuwa. Lahadi ta koma ba nama, su Gbenro suka riƙa kallona kamar ni na ɗauke musu wuta. Gbenro ya yi mana doguwar lacca a kan ladabin ba da shawara. Wai a fara da yabo, a saka gyara kaɗan a tsakiya, a rufe da yabo. Na ce masa shi ai tsakiyar ce kullum yake mantawa.

Ana cikin haka wata mata ta zo nemana a wurin aiki, gajeriya, da ɗaurin kallabi kamar za ta biki.

"Ke ce Rolake? Ni ce Remilekun, matar Fijabi."

Na gyara tsayuwa, na ɗauka faɗa ya kawo ta. Sai ta ja kujera ta zauna ta ajiye jakarta a cinya.

"Ƙanwata, faɗa min abin da kika faɗa masa. Shi abin da ya kawo gida zagi ne kawai."

Na faɗa mata tun daga cajar har matakala. Tana ji tana gyaɗa kai.

"Talabijin ɗinmu har maƙwabta na bin labarai da shi," ta ce. "In Tomi ya yi masa magana ya ce yaron cinye magana yake. Ƙararrawar ƙofa mun sauya mun gaji, wai ba ta aiki. In na ce Baban Tomi kunnenka fa, ya ce raini ne. Su abokan naku ba su lura ba?"

"Sun lura da naman."

Ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Zai yarda ya je asibiti?" na tambaya.

"Zai je. Uwarsa zan kira."

Ya je kuwa. Ita ce ta bugo min ta faɗa min sakamakon. Kunnuwan biyu duk sun taɓu, na hagu ya fi. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma likita ya ce ana iya tsare abin da ya rage, in zai riƙa toshe kunne a wurin aiki, ya kuma rage zama da hedifon. Na ji ba daɗi. Har na shirya a raina cewa in ya dawo zan ce ya riƙa kawo min saman ina daidaita masa, tunda gangarsa ta cancanci a ji ta.

Ya dawo cikin farar babbar riga, da ƙunshin nama biyu. Gbenro ya rungume shi kamar wanda ya sauko daga jirgi.

"'Yan'uwa," in ji Fijabi, ya tsaya tsakiyar ɗaki, "likita ya tabbatar. Kunnena ba irin na kowa ba ne. Abin da nake ji daban, abin da kuke ji daban. Ya ce shi mamaki ma yake yadda mai irin kunnena ke haɗa kiɗa. Wato duk abin nan da kuke ji ina yi, da rabin ji nake yinsa. To ina ga da duka gare ni?"

"Ikon Allah!" in ji Gbenro.

"Oga, ai manyan duniya da yawa haka suke," in ji Nonso. "Da zuciya suke ji."

Ko inda nake bai kalla ba. Mutanen da suka ce hassada ce, babu wanda ya tuna ya faɗa. Duk da haka na yi maganar da na shirya.

"Oga, ka riƙe ganga da bes, su kana jinsu, kuma ka iya su. Saman ka bar wa wani ya daidaita maka. Ni ma zan iya, ba sai an sa sunana ba."

"Ki taɓa min sama?" Ya juya wajen su Gbenro yana dariya. "Ai saman shi ne tambarina. Kowa da jin tsinin nan ya san Fijabi ne."

Sannan ya sa sabon kiɗansa. Ya ɗauki kukan zarton wurin aikinsu da waya, ya ɗora shi a kan kacau-kacau ɗin, ya ƙure. "Zarto" ya sa masa suna. Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Gilashin taga sai da ya amsa. Na toshe kunnuwana da hannu biyu a gabansa, ban ɓoye ba.

Gbenro ya share hawaye da bayan hannu ya ce, "Wannan ba kuskure ba ne. Salo ne."

"Sabon salo," in ji Nonso. "Kuma a ɗakin nan aka haife shi."

Lahadin da ta biyo baya Nonso ya kawo nasa kiɗan, ya cika shi da tsini. Ta gaba Gbenro ma ya kawo, mutumin da tun da na san shi bai taɓa kai kiɗa ƙarshe ba. Fijabi dai lalura ce ta sa shi. Waɗannan kunnuwansu garau, suka zauna suna kwaikwayon ciwon wani, idanunsu na ruwa, suna ce wa juna wuta. In na sa nawa su ce tsohon yayi ne, ya yi laushi.

Ƙarshen shekara ya zo, layin su Gbenro suka shirya bikin unguwa. Da yake rumfuna da kujerun nasa ne, ya sa baki aka ba su fili da la'asar, a kan manyan lasifikokin da aka jera a bakin titi. Har riguna suka buga, da hoton zarto a ƙirji. Ba a maɗaba'armu ba. Na je, don ina so in gani da idona.

An tare titi da benci, mata na zuba dafa-duka a faranti, dattawa na ƙarƙashin rumfa suna fifita da kalandar coci, yara na tsalle a gaban lasifika. Mai gabatarwa ya kira Fijabi, ya hau dandamali ya ɗaga hannu biyu. Gbenro da Nonso suka tsaya a gefensa cikin rigunansu.

Gangar ta fara ita kaɗai, kuma wallahi ta ja mutane. Matasa suka miƙe, wata mai rabon abinci ta ajiye ludayi ta fara juya ƙugu, har wani dattijo ya ɗaga sandarsa. Na ji haushi ya kama ni sabo, don ga abin da mutumin nan ya iya, kowa ya gani.

Sai zarto ya shigo.

Yaran da ke gaban lasifika suka watse kamar an watsa musu ruwan zafi. Wani jariri ya tsandara kuka, karnukan layin suka ɗauka. Mata suka saki cokula suka kama kunne. Wata tsohuwa ta miƙe daga cikin rumfa tana ɗaga murya, "Wa ake yankawa? Ku kashe abin nan, muna da hawan jini!" Mai kula da sauti ya kai hannu zai rage, Fijabi ya daka masa tsawa daga sama. Bai ga komai ba tukuna, ya sake rufe ido yana kaɗa yatsa. Sai shugaban layin ya taso da kansa, da hularsa da carbinsa, ya zagaya bayan lasifika ya fizge waya.

Da gangar ta ɗauke ne Fijabi ya buɗe ido. Ya ga titi guda na mutane, hannuwansu a kunne, suna kallonsa. Ya juya dama, ya juya hagu. Gbenro ya riga ya sauka, yana can bayan rumfa yana gyara kujerun da ba su karkace ba. Nonso ya kara waya a kunne yana tafiya yana "Halo, halo," rigarsa mai zarto a naɗe a hammata. Ban ga lokacin da ya cire ta ba.

Fijabi ya tsaya shi kaɗai. Ya ce wani abu a makirfo, amma makirfon ma a mace yake. Wasu samari suka fara dariya, ɗaya ya kwaikwayi kukan zarto da baki. Remilekun ce ta ratsa mutane ta hau, ta rufe kwamfutar ta rungume, ta kama hannun babbar rigarsa. Ya bi ta ba musu. Suka bi ta gabana, ta dube ni, ni ma na dube ta. Kafin su kai ƙarshen layi an mayar da waya, an sa wani kiɗan, mata sun koma kan tukwanensu.

Na iske Gbenro a bayan rumfa.

"Kin gani ko?" ya ce, yana girgiza kai. "Ni dama tun farko na faɗa masa saman ya yi yawa. Mutumin ba ya jin shawara."

Na dube shi tun daga takalmi har zarton da ke ƙirjinsa.  Na juya na tafi, kuma ban sake taka matakalarsa ba. Na tara kuɗi na sayi wasu ƙananan lasifikoki masu kyau, ina sauraron aikina a hankali, in na gama in sa a waya, in sa a motar wani abokin aikinmu, in ji yadda yake fita. Na ji labari ɗakin na nan, sun samu wani mai kawo musu lemo.

Remilekun kan bugo min jefi-jefi. Ta ce ya ƙi toshe kunne a wurin aiki, wai yaransa za su raina shi. Ta ce kwalayen ƙwai na nan a bango.

Bayan Ista na haɗu da shi a tashar Bariga da safe. Ya rame kaɗan, sarƙar na nan, muryar ta ƙara sama. Tun daga nesa ya hango ni.

"Madam mai tsini! Zo, zo ki ji wannan!"

Kafin in ce ina sauri ya ciro hedifon daga wuyansa ya miƙo. Ban kai shi kunne ba, na riƙe shi nesa kaɗan, a haka ma ya isa. Gangar na nan da takunta. Saman kuwa ya wuce na da.

"Faɗi gaskiya," ya ce. "Ke kaɗai ce ba kya munafunci a cikinsu."

Kwandastoci na ta ihu, motoci na hon. Na matso kusa na ɗaga murya, ina ware kalmomin ɗaya-ɗaya.

"Gangar ta yi, Oga. Saman ya fi da muni. Ka rage shi. Kuma don Allah ka riƙa toshe kunne a wurin aiki."

Bakina yake kallo, ba idona ba. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, fuskarsa ta washe.

"Na gode! Na san ke ma za ki gane wata rana."

Ban sani ba ko bai ji ba ne, ko ya ji ya zaɓi wanda yake so. Ban maimaita ba. Motar Ebute Meta ta cika, ya ɗare gaba kusa da direba, ya mayar da hedifon kunnensa tun kafin ta tashi. Daga inda nake tsaye ina jin kacau-kacau ɗin.